Bitamin da Ciwon Asma: Kada Mu Saki Reshe Mu Kama Ganye



Abin da ya sa muka ɗauki biro a wannan fitowar shi ne wani saƙon murya da ke ta yawo a wayoyinmu, daga zauren 'yan goro zuwa na 'yan canji, har ya shiga cikin gidaje. Saƙon yana cewa wai likitocin Turai sun gano asma ba komai ba ce illa ƙarancin bitamin D a jiki, kuma wai duk wanda ya lazimci shan ƙwayarsa wata uku ya rabu da inhela har abada. Masu tallar magani a cikin mota su ma sun ɗauka, ga kwalba a hannu, ga baki kamar zuma. Mutane da dama sun tare mu bayan salla suna tambaya: "Malam, gaskiya ne?"

Mu dai ba likitoci ba ne. Goro muke sayarwa, in liman ya yi tafiya mu ja salla. Amma Allah Ya albarkaci unguwar nan da 'ya'ya da suka karanci aikin likita da na jinya da haɗa magani. Mun zauna da su, mun yi tambaya, sun warware mana zare da abawa. Abin da muka fahimta shi muka kawo muku, domin maganar ta shafi rai.

Mun san dalilin da ya sa saƙon ya samu shiga. Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, wasu kamfanonin magani na waje suka tattara nasu ya nasu, kuɗin inhela ya ninka ya sake ninkawa. Magidanci mai 'ya'ya takwas, ga haya, ga kuɗin makaranta, in aka ce masa ga ƙwaya mai araha da za ta raba shi da wannan ɗawainiya, ai dole kunnensa ya tashi. Ba mu ga laifinsa ba. Sai dai araha ba ta ado, balle a kan numfashi.

Da farko, mece ce asmar? Ita ce iyayenmu ke kira fuka, kuma daban take da tarin fuka, wanda ƙwayar cuta ke kawowa kuma ake ɗauka. Asma ba a ɗaukarta a kofi ko a tabarma. Hanyoyin da iska ke bi zuwa cikin huhu su ne ke kumbura daga ciki, su cika da majina, naman da ya kewaye su ya tsuke. Shi ya sa za ka ji ƙirjin yaro yana fito kamar kukan kyanwa, musamman da tsakar dare ko gab da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a duniya, kuma ta kashe kimanin 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. A nan Najeriya, wani bincike da likitocinmu suka fitar a 2019 ya ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 13. Ke nan da wuya a sami layi a Sabo da babu mai ita.

To ina bitamin D ya shigo? Shi wannan bitamin, yawancinsa jiki ne ke ƙera abinsa. In rana ta taɓa fata, fatar ta haɗa shi, hanta ta sarrafa, ƙoda ta ƙarasa. Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam don ƙashi ya yi ƙwari. Yana kuma da hannu a garkuwar jiki, wato yadda jiki ke yaƙar mura da yadda yake kwantar da kumburi. Da yake mura na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma, sai masana suka ce bari su duba ko akwai alaƙa.

Kuma sun ga alaƙar. A 2009 an auna jinin yara 616 masu asma a ƙasar Kosta Rika, can yankin Amurka ta Tsakiya, ƙasa mai rana kamar tamu. Aka tarar kashi 28 cikin 100 bitamin ɗinsu bai kai yadda ake so ba, kuma gwargwadon yadda ya yi ƙasa a jinin yaro, gwargwadon yadda aka fi samun an kwantar da shi a asibiti. Bincike iri-iri a wasu ƙasashe ya nuna kusan haka. Wannan ɓangaren na saƙon gaskiya ne: masu asma mai tsanani sun fi yawan samun ƙarancin bitamin D.

Amma fa a lura. Duk inda ka ga ungulu ta sauka akwai mushe, wannan haka yake. Shin ungulu ce ta kashe dabbar? Yaron da asma ta matsa wa, uwarsa ba ta barinsa ya fita ƙwallo, ba ta barinsa ya yi nisa da ɗaki, kullum yana lulluɓe cikin rigar sanyi. Ina zai ga rana? Ga kuma ƙwayoyin da ake ba masu asma in ta tashi da ƙarfi, irin su firednisolon, waɗanda yawan shansu kan rage bitamin ɗin a jiki. Ga ƙiba, wadda ke tsananta asma, kuma kitse ke riƙe bitamin D ya hana shi yawo a jini. Ka ga ke nan yana yiwuwa ciwon ne ya jawo ƙarancin.

Mu 'yan kasuwa mun san yadda ake raba gardama irin wannan. In wani ya ce ganyensa ya fi riƙe goro, sai a raba huhu biyu, a sa nasa a ɗaya, a sa na kullum a ɗaya, a jira wata guda a buɗe. Haka likitoci suka yi. Suka raba masu asma gida biyu, waɗannan a ba su bitamin na gaske, waɗancan a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba.

A 2014 aka fitar da sakamakon irin wannan gwaji a Amurka, a kan manya 408 masu asma waɗanda bitamin ɗinsu ya yi ƙasa. Bai hana ciwon tashi ba. A 2016 wata ƙungiyar masana da ake kira Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su wuri guda, ta haɗa waɗanda ake da su a lokacin, ta ce akwai alamar amfani: masu garzayawa asibiti sun ragu daga kamar 6 cikin 100 zuwa kamar 3. Jaridun duniya suka ɗauka, kuma muna kyautata zaton daga nan saƙon da ke yawo ya samo tushe. Sai dai magana ba ta tsaya nan ba. A 2020 aka fitar da wani gwajin a Amurka a kan yara 192, 'yan shekara 6 zuwa 16, ana ba rabinsu awo 4,000 na bitamin D kullum. Tun kafin wa'adi aka dakatar da shi, don an ga babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. A 2023 ita wannan ƙungiya ta Cochrane ta sake zama, yanzu da gwaje-gwaje 20, yara 1,155 da manya 1,070, ta ce bitamin D bai rage tashin asma ba, bai kuma sa ta lafa ba. Su da suka faɗi magana ta farko su suka dawo suka gyara ta. Mai saƙon murya ya ji ta 2016, bai ji ta 2023 ba, ko kuwa ya ji ya ɓoye don kwalabensa su ƙare.

Akwai abu guda da masanan suka ware. Kaɗan ne cikin waɗanda aka gwada suke da matsanancin ƙaranci. Wanda aka auna jininsa aka ga bitamin ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, wannan likita zai ba shi, ko yana da asma ko ba shi da ita, saboda ƙashinsa da ƙarfin jikinsa. Amma zai sha ne tare da maganin asmarsa.

Wani zai ce, yo mu da rana ke gasawa a Badun, ina mu ina ƙarancin bitamin na rana? To mu dubi zamanmu. A gida Arewa, ko matar da ke kulle tana da tsakar gida. A nan take daka, a nan take wanki da shanya, a nan yara ke rarrafe, sama a buɗe. Mu kuwa a nan kurmi, gidajenmu ɗaki na kallon ɗaki, lungu a tsakiya, kwano ya rufe ko'ina, tagar wannan na kallon bangon wancan. Akwai matan da za su yi sati rana ba ta taɓa fatarsu ba, in sun fita unguwa kuma cikin hijabi da safa, da yamma. Tun a 1986 wasu likitoci suka auna mata masu ciki a ƙasar nan, suka tarar masu kulle da jariransu bitamin D ɗinsu ya fi na sauran ƙasa. Kada maza su ce sun tsira. Wanda ya shiga shago ko rumfa tun bakwai na safe bai fito ba sai magariba, shi ma ɗan inuwa ne. Baƙar fata kuma ta fi fara buƙatar jimawa a rana kafin ta haɗa abin da ake so.

Ba muna cewa a bar sutura ba ne, Allah Ya kiyaye. Muna cewa haƙƙin iyali a kan maigida bai tsaya ga shinkafa da zane ba. A samar musu wani wuri a bayan gida ko a saman bene, a kewaye da langa-langa ko tabarma, inda mace za ta zauna da 'ya'yanta ta buɗe hannuwa da ƙafafu babu idon kowa. Masu gidajen haya, don Allah in za a ƙara ɗaki a bar ɗan fili. Ba kowane taku ne na kuɗi ba.

Wace rana ce mai amfanin? Da yawa mun taso da jin cewa ta sassafe ce. Yaranmu likitoci sun ce hasken da ke haɗa bitamin ɗin ba ya ƙarfi sai rana ta ɗaga. Alamarsa mai sauƙi ce gare mu da muka saba duba inuwa don sanin lokacin salla: in inuwarka ta fi ka gajarta, to ranar tana aiki, in ta fi ka tsawo, kaɗan ake samu. Wato daga hantsi sosai zuwa bayan azahar, kafin la'asar. Ɗan zama kaɗan, sau da yawa a mako, ba sai an gasu ba. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yi. Jariri sabon haihuwa kuwa ba a shanya shi a rana. A tambayi ma'aikatan awo abin da ya dace da shi.

Ta fannin abinci, Allah Ya yi mana sauƙi a nan, don kifi ya fi araha a kan gida. Kifi mai maiƙo irin titus da shawa da sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta, duk suna ɗauke da bitamin D. Sannan kada a manta da kalsiyam. Likitoci a Jos sun nuna a 1999 cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa a ƙasar nan, yawanci abin da suka rasa kalsiyam ne a abinci. Don haka nono, da madara, da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, suna da muhimmanci ga yaro.

Sauran bitamin fa? An lura masu cin 'ya'yan itace da ganye sun fi lafiyar huhu, an kuma ga bitamin A da C kan yi ƙasa a jinin wasu masu asma. Amma nan ma, da aka gwada ba da su a ƙwaya, ba a sami hujjar da za ta sa likita ya rubuta su a matsayin maganin asma ba. Lemo, gwaiba, mangwaro, gwanda, garin ƙwamen kuka, zogale, alayyahu, karas, manja, duk ga su a Bodija da Sasa da bakin titinmu. Kuɗin kwalba ɗaya ta mai talla zai sayi na sati biyu, gida duka a ci.

Kuma kada a ɗauka bitamin ba ya illa. Bitamin C in ya yi yawa fitsari ke fitar da akasarinsa. Bitamin D da A kuwa taruwa suke a jiki. Babban mutum abin da yake buƙata a rana kamar awo 600 ne, kuma an ja layi a 4,000, kada a wuce sai da umarnin likita. Akwai ƙwayoyi a kemis masu awo 50,000, waɗanda akan rubuta a sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Wanda ya mai da su na kullum, kalsiyam zai yi yawa a jininsa, ga amai, ga ƙishirwa, ga tsakuwar ƙoda, har ƙodar ta iya lalacewa. Mace mai ciki kuma yawan bitamin A na iya cutar da abin da ke cikinta. Garin neman gira kada a rasa ido.

To me ke tsananta asma a unguwar nan? Mun san su, muna kwana da su. Hayaƙin janareta da ake ajiyewa a lungu. Maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe taga. Gawayi da risho a ƙofar ɗaki. Fiya-fiya da ake fesawa yara na ciki. Kyankyasai. Danshin damina da ke sa bango da katifa su yi fumfuna. Ƙurar hunturu in ta sauko. Taba sigari, ko da a waje aka sha aka shigo da warinta a riga. Iyayenmu mata, a yi mana haƙuri, har da turaren wuta. Mu ma na masallaci ba mu fita ba: kafet ɗin da ya shekara ba a ɗaga an kakkaɓe an shanya ba, mai asma ya sa goshinsa a kai sau biyar a rana, me ake jira? Wannan aikin kwamitin masallaci ne, kuma ba ya cin ko sisi, matasa kawai za a tara ranar Asabar. Wasu masu asma kuma asfirin da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen na tayar musu da ita, sai a kula da haɗe-haɗen da ake saya a tire.

Reshen da muke cewa kada a saki shi ne inhela, kuma iri biyu ce. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, yawanci shuɗiya, wadda aka fi sani da Ventolin. Akwai ta rigakafi, sau da yawa ruwan ƙasa ko ja ko shunayya, wadda ke kwantar da kumburin a hankali, ana shaƙarta yadda likita ya tsara ko da mutum garau yake ji. Yawancinmu shuɗiyar kaɗai muka sani. Tun 2019 masu tsara ƙa'idar maganin asma ta duniya suka daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗiya ita kaɗai. Wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara, ko yake farkawa da dare saboda tari, asmarsa ba ta kwanta ba, ya koma asibiti. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara inhela ya kamu ke nan, ko wai sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita, babu ƙamshin gaskiya a ciki. Maganin da aka shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, kaɗan ne ke shiga jini, ya fi ƙwaya da allura sauƙin illa. Ga yara ƙanana akwai wata 'yar gora da ake haɗawa da inhelar don maganin ya isa ciki. In babu kuɗinta, likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna robar lemo ta rabin lita tana yin aikin. A nemi ma'aikaciyar jinya ta nuna yadda ake yi.

Kowace shekara in azumi ya zo ana tambayarmu hukuncin inhela. Malamai sun saɓa. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun tafi a kan ba ta karya azumi. Wasu malaman sun ce tana karyawa, a rama. Amma babu malamin da ya ce mutum ya zauna numfashinsa na ɗaukewa yana jiran magariba. Marar lafiya Allah Ya yi masa rangwame.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne na dare. Sau da yawa akan buga mana ƙofa ƙarfe biyu, ƙarfe uku: "Malam, a zo a yi wa yaro tofi, ƙirjinsa ya riƙe." Mukan je, don addu'a makamin mumini ce. Amma in muka tarar yaro ya kasa ƙarasa magana, haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓɓansa sun sauya launi, ko ya yi lamo yana gyangyaɗi, to addu'ar a cikin mota ake yinta, ana ba shi shuɗiyar inhela a hanya. UCH ga ta nan kusa, ba ta rufe ƙofar gaggawa. Mun tsaya a kan gawar da ba ta kai shekara goma ba, muka ji uwa na cewa inhelar ta ƙare tun watan jiya, ana jiran kuɗi su shigo. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma an umarce mu da neman magani, kuma za a tambaye mu a kan abin da aka ba mu kiwo.

Saboda haka ga roƙonmu ga mai martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da shugabannin 'yan goro, 'yan canji, mahauta da direbobi, da ƙungiyoyin mata na Islamiyya. Muna tara kuɗi in an yi rasuwa, muna tarawa in za a kai gawa gida. Mu buɗe asusu na masu numfashi tun suna da rai. Kowane masallaci ya san gidajen da ke da mai asma a layinsa, a asirce, ba tare da tozarta kowa ba. A riƙa sayen inhela ta rigakafi a dunƙule daga amintaccen kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ba marasa ƙarfi bisa takardar likita. Mai zakka ya tuna talaka marar lafiya na cikin waɗanda ta halatta gare su. Ranar Talatar farko ta watan Mayu ita ce ranar asma ta duniya. Mu gayyato yaranmu likitoci su zo makarantar Islamiyya su nuna wa iyaye mata yadda ake shaƙa daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda kuma saƙon nan ya shigo wayarsa, kada ya tura gaba. Wanda ya riga ya tura, ya bi bayansa da gyara. Wanda ya sayi kwalbar, ya kai wa likita ko mai haɗa magani ya duba awonta kafin ya ci gaba da sha, kuma inhelarsa ta zauna a aljihu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuriya, Ya buɗa mana kasuwa, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin summa amin.